Motar da Malam Umaru Ya Lulluɓe Shekara Biyu

Ku da kuke zuwa garejina kuna tsayawa da hannu a aljihu, kuna cewa ai juyen baƙin mai ba aiki ba ne, noti ɗaya ne a kwance a zuba sabo, ku jawo benci ku zauna. Yau babu mota a bisa rami, bayana ma yana neman hutu. Zan ba ku labarin motar da ta fi kowace ba ni wahala a shekara talatin da bakwai da na yi ina shiga ƙarƙashin motocin mutane a Gusau. Abin dariyar shi ne ba ta taɓa mutuwa a hanya ba, ba ta taɓa gogar ko bango ba, kuma ban taɓa ganin mai mota da ke son abinsa kamar mai ita ba.

Sunansa Malam Umaru, tsohon hedimastan firamare a Tsafe. Da ya yi ritaya aka biya shi garatuti, bai gina shago ba, bai sayi shanu ba, sai ya aika aka kawo masa mota 'yar Kwatano, ruwan toka, mai ƙofa huɗu. Kowa a unguwarsu ya san dalili. Lokacin da yake neman auren matarsa Inna Kulu, 'yar Karakkai ta ƙasar Bunguɗu, ƙaramin malami ne mai keke. Wani ƙanin mahaifinta da ake kira Baba Sule, mutum mai tsokana, ya tambaye shi a gaban jama'a da me zai riƙa kawo musu 'yarsu ganin gida daga wannan nisa. Shi kuma da zafin ƙuruciya ya ce da mota. Aka yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar, shekara talatin da shida, duk sanda suka je, a motar haya ko a kan babur, sai an sami wanda zai leƙa bayansu ya ce, "Malam, ina ka aje motar?" Inna Kulu ta fi shi shan abin, don shi a waje yake gaisawa ya wuce, ita kuwa cikin gida take kwana, kuma mata ba sa ragawa. To ya sayi motar, ya kuma ɗauki alkawari zai tuƙa ta da hannunsa, Inna a gefensa, har ƙofar gidan Baba Sule.

Sai dai shekarar da ya saye ta ita ce shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabi. Ku yara kun ji labarinta a baki, mu a tukunya muka ji ta. Mutane suka jingine motoci suka koma babur da ƙafa. Garejin nan da kuke gani, sai mu yi kwana uku ba a shigo ko gyaran fitila ba. Muna zaune gindin darbejiya muna dara, in muka ji ƙarar inji sai kowa ya ɗaga kai, sai mu ga ashe injin markaɗen maƙwabta ne. Da na ga zaman ba zai fisshe ni ba, na ɗaure akwatin kayan aiki a bayan babur na shiga bin gidajen kwastomomina ina duba motocin da suka ajiye. A wannan yawon na koyi abin da shekara talatin a gareji ba su koya mini ba. Na ga batir sabo ya mutu a zaune, na ga taya ta kwanta gefe ɗaya, na ga birki ya manne da tsatsa a motar da ko ƙofar gida ba ta fita ba. Mu mun saba a kawo mana wadda aiki ya kashe, ashe zama ma yana da nasa gawarwakin.

Malam Umaru shi ma ya ajiye tasa, yana jiran mai ya sauko, yana jiran hannunsa ya faɗa da tuƙi, yana kuma jiran taron da zai tara dangin Inna wuri guda, don ba ya son ya je a ce wane ba ya nan bai gani ba. Shekara biyu ana haka, sai ga ɗaurin auren jikan Baba Sule ranar wata Asabar. Ranar Laraba ya kira ni, wani maƙwabcinsa da nake yi wa sabis ne ya ba shi lambata. Ya ce motar lafiyarta ƙalau, so yake kawai in zo in auna masa iskar taya in sa albarka.

Na isa Tsafe ranar Alhamis da hantsi. Ɗakin da ya fi kowane kyau a gidan shi ne na motar, daɓen siminti, sabon kwano, ƙofar ƙarfe. Ya yaye tampol, ƙarƙashin tampol akwai tsohon zanin gado, ƙarƙashinsa kuma mota tana ƙyalli har ina ganin haƙorana a ƙofa. A jikin bango an jera buhunan gyaɗar Inna Kulu, don ita ƙuli-ƙuli da mai take yi, kuma nan ne kaɗai ɗakin da ba ya yoyo. Ya ba ni labarin hidimarsa yana murmushi. Kullum bayan asuba ya idar da karatu, sai ya tayar da ita ta ɗumama minti biyar cif, ya kashe, ya goge ta da tsumma. Ranar Juma'a ya kai ta masallaci, layi uku daga gida, ya dawo da ita. In ruwan lagireto ya ragu ya cika daga rijiya. Har rajista ya buɗe mata irin ta 'yan aji, kowace safiya da alamarta.

A nan sai in ɗan koma baya, don ku san abin da ya hana ni in auna iska in karɓi na mai in kama hanya. Ina ɗan shekara sha huɗu mahaifina ya ɗauko ni daga Bunguɗu ya damƙa ni ga Oga Bulus, wani Kirista mutumin Jos da ke da gareji kusa da tasha. Wata shida bai bar ni na taɓa sifana ba. Duk motar da ta shigo, ko madubi aka zo ɗaurewa, sai ya sa ni in duba abu biyar in zo in faɗa masa: baƙin mai, ruwa, man birki, taya, kan batir. In na ce lafiya, sai ya ce, "Lafiya yaya? Wane kala? Wane wari?" Sai in koma. Ranar da ya fara barina in yi juye ni kaɗai, motar wani direban Magami ce. Na kwance tsohuwar filta, ban lura robarta ta manne a jikin inji ba, na ɗaura sabuwa a kai, roba bisa roba. Aka tayar da mota, kafin ta kai bakin titi mai ya tsiyaye tas, Allah ya sa Oga ya hango layin baƙi a ƙasa ya bi ta da gudu yana dukan but. Bai taɓa ni ba. Robar nan ya zura mini a wuyan hannu ya ce in na cire kafin mako guda in koma Bunguɗu. Da ita na yi salla, da ita na ci tuwo, har yau ba na ɗaura filta ban shafa wurin da yatsa ba. Ranar da ya yaye ni ya ba ni dogon sukundireba mai ƙotar katako, wanda ake kafa bakinsa a inji a sa ƙotar a kunne a ji abin da ke gudana ciki. Ga shi can a rataye, kada wanda ya buɗe gwangwanin fenti da shi.

To da wannan tarbiyyar na buɗe bonet ɗin Malam Umaru. Na zaro sandar gejin mai na goga a farin tsumma, mai ya cika amma ya yi kauri, yana warin fetur. Na buɗe murfin da ake zuba mai, cikinsa ya yi wani farin dusa-dusa kamar kindirmo. Wannan aikin ɗumamar minti biyar ne. Inji yana tara gumi in ya fara zafi, sai an yi tafiya mai nisa zafin yake ƙone shi, shi kuwa kullum yana tara mata gumin yana kashewa. Na leƙa lagireto, bakinta ya yi farin gishiri irin na gindin butar shayi, ruwan rijiya ke nan. Man birki ya yi duhu. Na murɗa fambel da yatsa, duk ya tsattsage ta ciki. Tayu kuwa zanensu raɗau kamar ba su taɓa taka ƙasa ba, amma da na haska gefensu da tocila sai ga ƙananan tsagu sun zagaye su. Na miƙe na lissafa masa.

Murmushin ya ɗauke. Ya ɗauko rajista ya buɗe ya ce, "Lawali, takardar da anka liƙa ta ce kilomita dubu biyar. Ni ɗari bakwai da arba'in niy yi. Mi za a juyewa?"

Na ce, "Malam, mai shina da kwanaki, ba tahiya kaɗai ka tsuhwad da shi ba."

"Tayun hwa? Dubi zane. Ko na gwamna ba su hi su ba." Ya rufe rajista ya dube ni ta saman tabarau. "Ku makanikai haka ku ke. In ba ku iske ciwo ba sai ku ƙirƙiro shi."

Wannan maganar ta ƙona mini rai, ba zan ɓoye muku ba. Na san daga inda ta fito, akwai 'yan sana'armu da suka ɓata mana suna, a kawo gyaran fulogi su sauke inji. Kuma na saba da masu gardama. Na taɓa yin kwastoma direban tasha da ya liƙe fitilar gargaɗin mai da baƙin salatif wai tana damun idonsa, bayan mako biyu injin ya buga. Amma wancan jahilci ne da ganganci. Wannan mutum ne mai ilimi da ke cutar da abinsa saboda tsabar so, kuma irinsu sun fi wuyar juyawa. Ga shi kun san yadda hanya ta koma. Tsakanin Tsafe da Gusau babu inda mutum zai so ya tsaya da dattijuwa a mota yana jiran a kawo masa fambel. Na ce, "Malam, in bisa tayun ga za ka tahi, to ban zo ba, ba ka gan ni ba." Ya ce to Allah shi kiyaye hanya, ya sa hannu a aljihu zai ba ni na mai.

Na kama bonet zan rufe ke nan sai idona ya faɗa kan ɓawon gyaɗa guda ɗaya a lungun batir. Na tsaya. Motar da ake gogewa kullum, me ya kawo ɓawo? Na ɓalle maƙallan akwatin filtar iska, wato inda inji yake shaƙar numfashi, na ɗaga murfin. Cike yake dam da gyaɗa, wata a ɓare wata da ɓawonta, da tsummoki da aka yayyaga aka yi shimfiɗa, filtar kanta an cinye rabinta. Daidai nan Inna Kulu ta shigo da kwanon fura. Ta leƙa, ta ajiye kwanon a hankali, ta sa hannu ta ɗebo.

Ta ce, "Yo ashe nan gyaɗata ka zuwa. Wata nawa ina hwaɗa da jikoki, har na hana Nana kuɗin makaranta na alawa. Ashe ɓeraye na ka kai ajiya banki."

Malam Umaru ya daɗe yana kallon akwatin. Ni dai ina jiran hadari. Sai na ga kafaɗarsa tana rawa, can dariya ta ƙwace masa har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce, "Shekara talatin da biyar ina kama ɗiyan mutane da gyaɗa cikin aljihu. Ga mudu biyu cikin motata, kullum ina bisa kanta, ban gani ba."

Da na ga ƙofa ta buɗe sai na shiga da ƙafar dama. Na kwashe gyaɗar, na ce ya tayar da motar ya bar ta, ba minti biyar ba, ashirin. Ya yi ta duban agogo yana tausayin fetur. A minti na goma sha biyu allurar zafi ta kai tsakiya. Ta wuce. Na nuna masa fankar da ke bayan lagireto, na ce yanzu ya kamata ta tashi da kanta. Ba ta motsa ba. Allura ta doshi ja, na ce ya kashe. Na bi wayar fankar da yatsa har ƙasa, na jawo masa ita ya gani, ɓeraye sun gwaguye ta ta rabu biyu. Ko yaushe suka yi, Allah kaɗai ya sani, don motar ba ta taɓa yin zafin da za ta nemi fanka ba. Na ce masa da wannan, in ya tsira a buɗaɗɗiyar hanya, cunkoson Gusau zai dafa injin kafin ya fita gari. Ya nemi buhun gyaɗa ya zauna a kai.

Maganar baƙin mai ma ba ni na ƙarasa ta ba. Inna ce ta ce masa, "Malam, in na buɗe galan na man gyaɗa na aje shekara biyu, ina ɗan ɗumama shi kullum ina maidawa, ka ci tuwo da shi?" Ya ce a'a. Ta ce to. Ni da na shekara ina yi wa mutane wannan bayanin da Turancin gareji ban taɓa faɗarsa da kyau haka ba, kuma tun ranar nake aron maganarta.

Saura taya, kuma nan na yi dabara, don malami ba ya son a koya masa, ya fi son a tambaye shi. Na durƙusa na goge gefen tayar gaba na ce, "Malam, ni aji huɗu niy tsaya. Karanta man lambar ga huɗu da ke cikin zobe. An ce biyun hwarko mako na, biyun ƙarshe shekarar da anka yi ta." Ya gyara tabarau ya durƙusa kusa da ni. Na ga leɓensa yana motsi yana ɗebewa. Ya matsa ta baya ya karanta, ya zagaya ɗaya gefen.

Ya ce, "Shekara sha ɗaya. Tayar ga ta girmi Nana."

Wato tun a can ƙasar da aka fara hawanta tayun suka tsufa, aka wanke su aka shafa musu baƙi, suka zo Tsafe suka ƙara shekara biyu a tsaye wuri ɗaya. Roba kuwa tana bushewa ko an taka ko ba a taka ba. Ya tambayi kuɗin sababbi guda huɗu, na faɗa masa gaskiya. Ya yi lissafi irin na mai fansho. Can ya ce a hankali ko a bari sai wani taron.

Inna Kulu ta dubi buhunanta ta ce, "Tunda motar ta hwara cin gyaɗar, a sai da sauran a sai mata takalma."

Ya ce, "Kulu, jarinki na hwa."

Ta ce, "Ba kai aka yi ma dariya cikin gida ba, Malam. Baba Sule ya kusa ɗari. Wane taro za mu jira?"

Kafin la'asar an kai buhu shida kasuwa. Ni kuma na hau babur na dawo Gusau, na shiga shagon taya na sa aka sauko mini da su ina karanta lamba ɗaya bayan ɗaya, har mai shagon ya ce ko aure zan yi da su. Na haɗa da mai, filta biyu, fambel, man birki da ruwan lagireto na gaske mai kala, na sa a motar haya da sassafen Juma'a.

Aikin ranar Juma'ar nan, da za ku gan shi za ku ce babu komai a ciki, kuma shi ne duk sana'ar. Na ɗumama inji don mai ya saki jiki, na kwance noti na bar shi ya tsiyaye har ɗigon ƙarshe, ban yi gaggawar da kuke yi ba. Na shafa wa robar sabuwar filta mai, na ɗaure da hannu, ba da sifana ba. Na wanke lagireto sau uku kafin ruwa ya fito fari. Na haɗa wayar fanka na naɗe ta, na bi sauran wayoyin ɗaya-ɗaya har na sami wata ta fitilar baya da aka fara ci. Na kankare farin gari daga kan batir na shafa giris. Mai faci na bakin kasuwa ya zo ya ɗaura tayu, safaya ma muka ba ta iska, don an fi mantawa da ita sai ranar da ake nemanta. Wurin canjin man birki ne aka yi nishaɗi, don aikin mutum biyu ne, ɗaya yana ƙasa yana buɗe noti, ɗaya yana taka birki. Na sa Malam a kujera ina kwance ina ba da umarni: taka, taka, riƙe, saki. Da muka kai taya ta uku ya leƙo ta taga ya ce rabon da a yi masa tsawa haka tun yana kwalejin horon malamai. Na ce ya yi haƙuri ya taka.

Bayan an sauko daga masallaci muka fita gwaji har wajen 'Yandoto muka juyo. Motar ta saki jiki, na kafa sukundireba na saurara, babu abin da ke ƙara sai abin da ya kamata. Direban ne dai sai a hankali. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya manna ƙirji, yana yi wa awaki hon tun suna gonar wani. Wani mai keke ya wuce mu ya waiwayo ya gaishe shi. Da muka dawo na sa shi ya duba abu biyar ɗin nan da hannunsa, ya faɗa mini kala da wari, na kuma ce daga yau a daina ɗumamar minti biyar, gara sau ɗaya a mako ya fita da ita ta yi tafiyar rabin awa. Buhunan da suka rage kuma a nema musu wani ɗaki.

Dare bai yi ba sai da ya kawo wata matsalar. Ba ya son in bi su, wai mutanen Karakkai za su ce ya ɗauko direba, ko su ce motar ba ta tafiya sai da likitanta. Ni kuma na ce ban yi aikin kwana biyu don in zauna gida ina zullumi ba. Inna ta raba gardamar, ta ce in zauna baya, in an kai bakin gari in sauka in ƙarasa da ƙafa kamar wani baƙon ɗaurin aure.

Muka tashi ranar Asabar da hantsi, lokacin da hanya ta cika da motoci. Malam ya sha babbar riga fara ya naɗe hannayenta a kafaɗa, Inna ta sa leshin da ta ce tun bikin 'yarta ta fari yake cikin akwati. Shi idonsa a kan titi, ni idona a kan allurar zafi ta saman kafaɗarsa, Inna kuwa tana jan carbi tana ba shi labarin duk motar da ke tahowa, har wadda ya riga ya gani. Tirela ta wuce mu motar ta girgiza, ya ce Ya Salamu, bai saki sitiyari ba. A Gusau ya zagaya shataletale sau biyu don ya kasa samun inda zai fita, wani ɗan acaba ya ce masa, "Baba, ɗawahi ka kai?" Inna ta ce a ƙyale shi, ba shi da mota. Allura dai tana tsakiya ba ta gusa ba har muka bar kwalta.

A bakin Karakkai na sauka gindin wata tsamiya, na bi su a baya, kuma ban sha wahalar cim musu ba. Ƙofar gidan Baba Sule cike take, an shimfiɗa tabarmi, maza sun jeru ana jiran liman. Motar ta taho a hankali ta tsaya daidai bakin tabarma. Aka shiga leƙen wane babban mutum ne. Da aka gane mai tuƙin, sai na ga mutane suna duban juna. Na tsaya a gefe cikin jama'a, kuma in gaya muku gaskiya daɗin da na ji a wurin ya fi na ranar da aka yaye ni.

Malam ya kai hannu zai kashe, Inna ta ce, "Bar ta tukuna, su ji." Mutumin da ke tausayin fetur na minti ashirin ya janye hannunsa. Ta sauke gilashi ta yafito wata mata da ke bakin zaure ta ce, "Shiga ki ce ma matan gida su hito. Duka, har na madahi." Suka fito da ludaya a hannu, wasu da goyo, wata ta rangaɗa guɗa. Inna tana zaune abinta ba ta ko taɓa ƙofa ba.

Aka taso da Baba Sule, mutum biyu suna riƙe da shi. Ya zo ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya ji ɗumi, ya ƙwanƙwasa taya da sandarsa, ya sunkuya ta taga ya daɗe yana duban surukin nasa. Tsufa ya cinye jikin amma bai taɓa bakin ba.

Ya ce, "Umaru, wa ya ara maka?"

Kafin Malam ya buɗe baki Inna ta ce, "Tawa ta, Baba. Malam tuƙa ni kawai shika yi."

Wurin ya ɗauki dariya, Baba Sule har da tari, yana cewa a ba shi ruwa, yau an rama. Malam Umaru ya kashe motar, ya fito ya saki hannayen rigarsa, ya zagaya ta gaba a gaban duk mazan Karakkai, ya buɗe mata ƙofa ya koma gefe ya tsaya. Inna Kulu kuwa ba ta yi sauri ba. Ta gyara mayafi, ta laluba takalminta da ta cire tun Tsafe, ta dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe, sannan ta sa ƙafa ƙasa.